Burauni, Kek Ɗin Daren Fatalwa: Abin Da Kimiyya Ta Gano Cikinsa

A ranar 31 ga watan Oktoba na kowace shekara, da zarar magariba ta yi, yara a biranen Amurka da Kanada sukan yi shigar ban tsoro su fito titi. Wani ya fito da siffar fatalwa, wani ƙwarangwal, wata kuma mayya mai doguwar hula, su riƙa bin gida-gida ana ba su alewa. Wannan shi ne bikin da ake kira Halowin. Wanda ya san tashe a ƙasar Hausa ba zai sha wuyar gane fasalin abin ba, ko da yake babu abin da ya haɗa su ta fuskar asali ko manufa. Masana tarihi suna danganta bikin da wata tsohuwar al'ada ta mutanen Ayalan da Sikotilan mai suna Sawin, wadda ake yi a ƙarshen kaka, lokacin da aka gama girbi, dare ya fara tsawo, hunturu ya ƙarato. Daga baya al'adar ta haɗu da jajiberin ranar tunawa da waliyyai ta Kiristoci, wadda ke faɗowa 1 ga Nuwamba. Mutanen Ayalan da yunwar 1845 zuwa 1852 ta kora daga ƙasarsu suna cikin waɗanda suka ƙetara da bikin zuwa Amurka.

Ban da alewar da ake saye a kanti, iyaye mata da yaransu sukan gasa wani irin kek na cakulan a gida domin walimar makaranta ko ta unguwa. Sunansa burauni. Baƙi ne, ba ya da tudu, ana yanka shi murabba'i-murabba'i, cikinsa da danƙo, samansa da ɓawo mai ƙyalli. A wannan dare akan yi masa ado da yanar gizo-gizo, ko a jera masa fararen layuka da idanu biyu ya fito kamar gawar Fir'aunonin Misira da aka naɗe da ƙyalle, ko a kafa masa biskit a tsaye ya zama kamar allon kabari. Bikin ba na Hausawa ba ne, kek ɗin ma haka. Amma yawancin kokon da ke cikinsa a Afirka ta Yamma aka noma shi, kuma ɗalibin da ya bi sawun yanka ɗaya na burauni daga gona zuwa faranti zai ci karo da rabin abin da ke cikin manhajar ilmin halittu ta sakandare.

Daga ina sunan ya fito?

Otal ɗin Palmer House na birnin Shikago yana da'awar cewa a ɗakin girkinsa aka fara yin burauni, a 1893, lokacin babban baje-kolin duniya da aka yi a birnin, domin matan da suka zo kallo su sami abin zaƙi da za a iya sa wa cikin akwatin abinci ba tare da ya ɓata hannu ba. A farkon ƙarni na 20 ne aka fara ganin tsarin haɗa shi da cakulan cikin littattafan girki, ciki har da bugun 1906 na littafin shahararriyar malamar girkin nan ta Bostan, Fannie Farmer.

Kalmar kuwa tana da fuska biyu. A Turanci tana nuni ga launin ƙasa-ƙasa. A tatsuniyoyin Sikotilan kuma, burauni wani ɗan ƙaramin aljani ne da ke zaune a gida, ya fito cikin dare idan kowa ya yi barci, ya yi shara da wanke-wanke, ya ɓace kafin gari ya waye. Wani mai zane ɗan Kanada, Palmer Cox, ya sa waɗannan aljanu suka yi suna a Amurka da littafinsa na 1887, kuma wasu masu tarihin abinci suna ganin daga nan kek ɗin ya ari sunansa. Sunan ya dace da shi ta wata hanya da masu raɗa shi ba su yi nufi ba, domin kuwa halittun da suka fi wahala wajen samar da cakulan, ido bai cika ganinsu ba.

Ƙuda, yis da bakteriya

Kokon da ake magana a nan ba shi ne wanda ake sha da ƙosai ba. Bishiya ce ta kurmi, asalinta yankin kogin Amazon a Kudancin Amurka, kuma a ƙasar Ikwado an tono tukwanen da ke nuna cewa mutane suna amfani da ita tun kimanin shekara 5,300 da suka wuce. A 1753 masanin tsirran nan na Suwidin, Linnaeus, ya ba ta suna Theobroma cacao, wato abincin alloli da harshen Girkanci. A tsarin rabe-raben tsirrai na yanzu danginta ɗaya da goro, da kuka, da kuɓewa, da auduga, da yakuwa. Wanda ya duba furen kuɓewa da na auduga zai ga kamannin nan da nan; na koko sai an sa madubin ƙara girma.

Furen koko ƙarami ne ƙwarai, kuma a jikin kututture da manyan rassa yake fitowa. Tsarinsa ya sa ƙudan zuma ba ya iya yi masa barbara, domin garin furen yana ɓoye cikin wasu 'yan aljihuna. Mai wannan aiki shi ne wani ɗan mitsitsin ƙuda na jinsin Forcipomyia, wanda tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba. Yana hayayyafa cikin ruɓaɓɓen ganye da ɓawon koko da kututturen ayaba mai danshi. Saboda haka manomin da ya share gonarsa fes, ko ya yi feshin maganin ƙwari ba da lissafi ba, ya kori ma'aikacinsa da kansa. Bishiya ɗaya takan yi dubban furanni a shekara, amma 'yan kaɗan ne ke zama 'ya'ya. Wanda ya kama sai ya yi wata 5 zuwa 6 kafin ya nuna, ya zama ƙwanso mai kama da gwanda, da ƙwaya 30 zuwa 40 a ciki, kowace a lulluɓe da farin tsoka mai zaƙi da tsami.

Duk wanda ya tauna ɗanyar ƙwayar koko zai tofar da ita. Tana da ɗaci da bauri, cikinta launin shuni, ba ta da ko alamar ƙamshin cakulan. Ƙamshin yana farawa ne daga tsimi. A Gana manoma sukan tara ƙwayar da tsokarta a kan ganyen ayaba, su rufe da wani ganyen, su bar ta kwana 5 ko 6 suna juyawa lokaci-lokaci. A cikin wannan tuli, halittu iri uku ne ke karɓar aiki hannu da hannu. Da farko yis, ɗan'uwan wanda ke kumbura burodi, shi ne ke cin sukarin tsokar inda babu iska sosai, ya mai da shi barasa, tsokar ta narke ta tsiyaye. Sa'an nan bakteriya masu yin tsami irin na nono su biyo baya. Idan aka juya tulin iska ta shiga, sai wasu bakteriya na uku su kama barasar su mai da ita ruwan khal. Wannan mataki yana fitar da zafi, har tulin ya kai digiri 45 zuwa 50 a ma'aunin Salsiyas. Wanda ya cusa hannu ciki zai ji kamar an hura wuta a ƙasa, alhali kuwa numfashin ƙananan halittu ne kawai.

Zafin da tsamin su ne ke kashe ɗan tsiron da ke cikin ƙwayar. Da mutuwarsa sai bangon ƙwayoyin halittarsa ya rushe, sinadaran da a da suke rabe suka cuɗanya. Inzayim, wato sinadaran da ke hanzarta narkewar abubuwa a jikin mai rai, su daddatsa furotin zuwa ƙananan gutsattsari, su raba sukari gida biyu, baurin ya ragu, launin shuni ya koma ƙasa-ƙasa. Barasar ba ta zama cikin ƙwayar: wadda ba ta koma khal ba tana tafiya da iska wajen shanya da suya. Mai yin daddawa ta san irin wannan aiki, domin ita ma kalwa take dafawa ta rufe, ta bar wa bakteriya su warware furotin ɗinta har ƙamshi ya fito. Bambancin kawai shi ne irin halittun da ke aikin.

Bayan an shanya ƙwayar har danshinta ya sauko zuwa kimanin kashi 7 cikin 100, sai a kai ta masana'anta a soya a zafin digiri 120 zuwa 150. A nan ne gutsattsarin furotin da sukarin da tsimi ya tanada suke haɗuwa su haifi ɗaruruwan sinadarai masu ƙamshi. Wani likita Bafaranshe, Louis-Camille Maillard, shi ne ya bayyana wannan haɗuwa a 1912, kuma da sunansa ake kiranta. Ita ce ke sa tsire ya yi ja, ɓawon burodi ya yi ƙamshi, soyayyiyar gyaɗa ta bambanta da ɗanya. Ƙwayar da ba ta tsimu da kyau ba, ko an kwana ana soya ta ba za ta ba da cakulan na kirki ba.

Abin da ke faruwa cikin tanderu

Kayan haɗin burauni ba su da yawa. Domin farantin gashi mai faɗin santimita 20 kowane gefe, akan narkar da man shanu giram 170 tare da baƙin cakulan giram 200, a kaɗa ƙwai 3 da sukari giram 250, a haɗa su, sa'an nan a zuba fulawa giram 100 da garin koko cokali biyu ko uku da ɗan gishiri. Akan gasa a digiri 175 zuwa 180 na tsawon minti 25 zuwa 30. Wanda ya saba da kek na yau da kullum zai lura da abu biyu: fulawar ta yi kaɗan ƙwarai, kuma babu hodar kumbura kek. Da gangan aka yi haka.

A cikin fulawar alkama akwai furotin iri biyu waɗanda, idan suka sami ruwa aka kuma murza su, sukan sarƙe su zama wata raga mai talewa da ake kira gulutin. Ragar nan ce ke riƙe iska cikin burodi, ita ce kuma ke sa kwaɓin alkama ya yi yauƙi a hannu. Mai burodi yana son ta, mai burauni yana gudunta. Saboda haka ne ake rage fulawa, ake zuba ta a ƙarshe, ake kuma juyawa a hankali har ta ɓace kawai. Mai da sukari suna taimakawa: mai yana lulluɓe ƙwayoyin fulawa ya hana ruwa isa gare su, sukari kuma yana ƙwace ruwan ya riƙe wa kansa. Idan aka ƙara fulawa aka sa hodar kumburi, abin da za a samu kek ne mai soso, kuma Amurkawa sun daɗe suna gardama a kan wanne ya fi. Ta fuskar ado dai mai danƙon ya fi, domin ba ya marmashewa idan aka yanka.

Abin da ke tsai da kwaɓin ya zama abin yankawa shi ne ƙwai da sitaci. Furotin ɗin ƙwai kamar zare ne da aka dunƙule. Zafi yana warware shi, zaruruwan su kama juna su daskare. Farin ƙwai yana fara haka ne a wajen digiri 62, gwaiduwa kuma a wajen 65. Sitacin fulawa shi ma yana shan ruwa ya kumbura, kamar yadda kamu ke yin kauri idan an zuba masa tafasasshen ruwa. Amma yawan sukari yana jinkirta duka biyun, shi ya sa gefen faranti ke nuna alhali tsakiya tana da laushi. Gwajin da aka sani shi ne a soka tsinken sakace: idan ya fito da ruwan kwaɓi da sauran lokaci, idan ya fito da 'yan gutsattsari masu danshi a sauke, idan ya fito fes an makara. Dalilin saukewa da wuri shi ne zafin da ke gefe yana ci gaba da ratsawa zuwa tsakiya ko bayan an fitar da farantin.

Ɓawon nan mai ƙyalli da ke tsattsagewa a sama ya dogara ne ga narkewar sukari. Idan aka kaɗa sukari da ƙwai sosai har ya narke cikin ruwan ƙwan, ko aka zuba shi cikin mai tun yana da zafi, to, a tanderu saman kwaɓin yana bushewa da sauri ya bar wani siririn shimfiɗi kamar gilashi. Idan sukarin bai narke ba, saman yakan fito dusu-dusu. Malamin da ke neman gwaji mai sauƙi yana iya raba kwaɓi biyu, a kaɗa ɗaya minti 1, ɗayan minti 5, ɗalibai su kwatanta.

Baƙin launi da aikin kanwa

Launukan Halowin biyu ne, baƙi da ruwan lemo. Ruwan lemon na kabewa ne da na ganyen itatuwan ƙasashen sanyi, waɗanda a ƙarshen kaka korensu ke rushewa, launin karotin da ke ɓoye a ƙarƙashi ya bayyana. Baƙin kuwa, masu gashi sun fi samunsa daga wani garin koko na musamman. A 1828 gidan Van Houten na ƙasar Holan ya sami lasisin wata na'ura mai matse mai daga niƙaƙƙen koko, abin da ya rage a daka shi ya zama gari. Da sunan gidan ne kuma ake danganta dabarar jiƙa koko da ruwan toka domin a kashe tsaminsa. Kokon da aka yi wa haka launinsa yana duhu, ɗacinsa ya ragu, kuma idan aka tsananta aikin yakan zama baƙi ƙirin kamar gawayi.

Wannan ba baƙon abu ba ne ga mai girki da kanwa. A zuba ɗan ruwan kanwa cikin kofin zoɓo, nan take jan ya koma duhu. A matsa lemon tsami, jan ya dawo. Sinadaran launi na tsirrai da yawa suna canza kama gwargwadon tsami ko kanwar da ke kewaye da su. A koko canjin ba ya komawa baya, domin sinadaran suna haɗuwa da iska su sarƙe da juna.

Yadda ake saƙa yanar gizo

Sai burauni ya huce sarai ake fara ado. Man koko yana narkewa a wajen digiri 34, ƙasa kaɗan da zafin jikin mutum, wanda shi ne 37. Wannan ne ya sa cakulan ke da tauri a hannu amma ya narke a baki, shi ne kuma ya sa duk adon da aka ɗora kan kek mai ɗumi zai zube.

Akan fara shafa wa saman baƙin cakulan da aka narkar da kirim ɗin madara. Tun bai daskare ba, sai a zuba narkakken farin cakulan cikin leda, a huda ɗan rami a kusurwa, daidai yadda mai ƙunshi ke yi da lalle, a zana da'irori ɗaya cikin ɗaya. Sa'an nan a ja tsinken sakace daga tsakiya zuwa baki sau 8 ko fiye. Kowane ja yana jan farin layin ya lanƙwasa shi, nan da nan yana ta fito. Farin cakulan, a lura, ba ya da garin koko ko kaɗan. Man koko ne da sukari da madara.

Gizo-gizo na gaske akasin haka yake yi. Yakan fara da zaren gada da na kewaye, sa'an nan ya ja zaruruwan da ke fita daga tsakiya kamar na ƙafar keke, kuma waɗannan ba su da danƙo. Bayan haka ya saƙa zare na wucin gadi daga ciki zuwa waje, a ƙarshe ya juyo daga waje zuwa ciki yana shimfiɗa zare mai danƙo, wanda shi ne tarkon. Zaren nan guda ɗaya ne mai zagayawa kamar katantanwa, ba da'irori rababbu ba. Kuskuren da ya fi yawa a kan faranti shi ne gizo mai ƙafa 6. Ƙafa 6 da jiki kashi uku na ƙwaro ne. Gizo-gizo ƙafarsa 8, jikinsa kashi biyu, danginsa kunama da kaska. Jemage ma, wanda ake yanka siffarsa da biskit a ɗora, an zalunce shi. Cikin nau'o'in jemagu fiye da 1,400, guda 3 kaɗai ke shan jini, kuma dukkansu a nahiyar Amurka suke. Na Afirka masu cin 'ya'yan itace su ne ke yi wa furen kuka barbara cikin dare.

Abu biyu ke ɓata wa mai ado aiki. Na farko ɗigon ruwa. Narkakken cakulan mai ne da ƙananan ƙwayoyin sukari da koko ke yawo a ciki. Ruwa kaɗan yana jiƙa sukarin, ƙwayoyin su manne da juna, abin ya cure ya ƙi zuba. Amma ruwa mai yawa, kamar kirim, yana narkar da sukarin gaba ɗaya, komai ya koma sumul. Haka yashi yake: ɗan ruwa ya dunƙule shi, ruwa da yawa ya sa ya gudana.

Na biyu shi ne yadda man koko ke daskarewa. Ƙwayoyinsa suna iya jeruwa ta hanya 6 daban-daban, kuma ta biyar ce kaɗai ke ba da cakulan mai sheƙi da ke karyewa ƙas. Domin a same ta akan narkar da baƙin cakulan a digiri 45 zuwa 50, a sanyaya shi zuwa wajen 27 ana juyawa, a sake ɗumama shi zuwa 31 ko 32. Idan aka bar shi ya daskare yadda ya ga dama, ko ya narke a kanti lokacin bazara ya sake daskarewa, bayan 'yan kwanaki sai farin hazo ya fito a samansa. Mutane da yawa sukan zubar da shi suna zaton hunhuna ce, alhali mai ne kawai ya taso ya sake jeruwa. Masu gudun wannan wahala sukan sayi wani kwaikwayon cakulan da aka yi da man ƙwarar manja. Akwai kuma man da ya fi kusa da na koko a hali, wato man kaɗanya, kuma dokar Tarayyar Turai ta shekarar 2000 ta yarda a sa shi da wasu 'yan mayuka har kashi 5 cikin 100 na cakulan.

Me ya sa ake cin abin tsoro?

Da ɗigo biyu na fari da baƙi a tsakiyarsu, yanka kek ya zama fuska. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da saurin gano fuska har inda babu ita, a gajimare ko a gaban mota, domin a daji gara mutum ya yi zaton idanu inda babu su da ya kasa ganin na zaki. Ƙyama ma haka take aiki tun kafin tunani ya zo. A 1986 Paul Rozin na Jami'ar Fensilbaniya da abokan aikinsa suka miƙa wa mutane alewar cakulan iri ɗaya, wata da siffa ta yau da kullum, wata an yi ta da siffar kashin kare. Mutanen sun san sarai abin da ke ciki, amma da yawa suka nuna ƙin ta biyun. Rozin ya kuma yi nazarin dalilin da ya sa mutane ke son barkono duk da raɗaɗinsa, ya bayyana cewa akwai wani jin daɗi da ke zuwa idan jiki ya yi ƙararrawar haɗari amma hankali ya san babu komai. Mai ado da ya ƙware shi ne wanda ya tsaya daidai wannan iyaka. Idan yatsan biskit mai jan miyar sukari ya yi kama da na gaske fiye da kima, farantin zai koma gida a cike.

Haɗarin da ke akwai ba a kan adon yake ba. Yara suna son lasar ɗanyen kwaɓi, kuma ɗanyen ƙwai yana iya ɗauke da bakteriyar Salmonella. Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne ita ma fulawa ɗanyen abinci ce. A 2016 an sami ɓarkewar cutar E. coli a Amurka wadda aka bi sawunta har zuwa fulawa. Gawayin magani da wasu ke sa wa domin baƙin launi yana kama magunguna a hanji ya hana su aiki. Kare kuwa cakulan guba ne gare shi, saboda wani sinadari ɗan'uwan kafin mai suna tiyoburomin, wanda akwai kaɗan daga cikinsa a goro. Jikin kare yakan ɗauki kimanin awa 17 kafin ya rage rabinsa, kusan ninki biyu na abin da mutum ke ɗauka. Musulmin da ke zaune a waɗancan ƙasashe kuma sukan duba takardar alewar nan mai laushi da ake yin fatalwa da ita, domin jalatin ɗin da ke cikinta sau da yawa daga fatar alade ake samunsa.

Tsintsiyar mayu

Ƙasashen Kwaddibuwa da Gana su biyu suna samar da kimanin rabin kokon duniya, a Afirka kuma Nijeriya da Kamaru ne ke biye. A Gana ana tunawa da Tetteh Quarshie, maƙerin da ya kawo iri daga tsibirin Fanando Po a 1879, kuma 'yan ci-rani daga arewa, ciki har da Hausawa, sun yi ƙwadago a gonakin koko na kurmi tsawon ƙarni na 20. Tattaruwar amfanin gona ɗaya a yanki ɗaya abin damuwa ne ga masanin halittu, domin abin da ya sami Birazil ya isa misali. A 1989 wata cutar fangas ta bayyana a jihar Bahiya, cibiyar kokon ƙasar. Tana sa reshe ya fitar da tarin ƙananan rassa a cunkushe, su bushe su yi kama da tsintsiya, shi ya sa ake kiranta tsintsiyar mayu. Cikin shekara 10 kokon Birazil ya ragu da fiye da rabi, ƙasar da ke sayarwa ta koma saye, dubban ma'aikata suka rasa abin yi.

Afirka ta Yamma tana da nata cututtukan. Akwai mai baƙanta ƙwanso, wadda ke ƙaruwa idan ruwa ya yi yawa. Akwai kuma cutar kumburin reshe, wadda aka fara bayyanawa a Gana a 1936. Bairas ne ke kawo ta, wasu ƙananan fararen ƙwari masu tsotson ruwan itace ne ke yaɗa ta, kuma ba ta da magani sai sare bishiyar. An sare fiye da miliyan 200 a Gana tun daga shekarun 1940. Waɗannan cututtuka, tare da rikicewar damina da tsufan gonaki, su ne suka sa farashin tan ɗaya na koko, wanda ya daɗe tsakanin dala 2,000 da 3,000, ya haura dala 10,000 a watan Maris na 2024, kafin ya fara saukowa cikin 2025.

Masu bincike, ciki har da na Cibiyar Binciken Koko ta Nijeriya da ke Ibadan, wadda aka kafa a 1964, suna neman irin da ke jure cuta, kuma hakan yana buƙatar musayar tsirrai tsakanin nahiyoyi. Amma reshe ɗaya mai ɗauke da cuta ya isa ya jawo masifa. Saboda haka tun 1985 irin kokon da za a kai daga wata ƙasa zuwa wata yakan bi ta Jami'ar Reading a Ingila, ƙasar da sanyinta ba ya barin koko ko cututtukansa su rayu a fili. A can ake tsare kowane tsiro cikin ɗakin gilashi mai ɗumi, ana duba shi har tsawon shekara 2, kafin a ba shi izinin tafiya.